Sarakuna Masu Dogon Gashi: Yadda Mulkin Farankawa Ya Suɓuce wa Gidan Merovech

A shekarar 751 aka kama sarkin Farankawa, Childeric na Uku, aka yi masa aski, aka kai shi gidan zuhudu na Saint-Bertin da ke arewacin Faransa ta yau. Ba a kashe shi ba, ba a kuma gwabza yaƙi a kansa ba. Askin nan ya isa ya rufe sarautar gidan da ya yi kusan shekara 270 yana mulki, wato zuriyar Merovech. Kafin mutum ya gane yadda almakashi zai tuɓe sarki, sai ya san abin da sarautar ta tsaya a kai tun farko, da kuma ta inda dukiyarta da ikonta suka riƙa yoyo.

Farankawa gamayyar ƙabilu ce masu harshe dangin Jamusanci, da ke zaune a bakin kogin Rhine ta ɓangaren da ya doshi teku, wajajen Holan da Beljiyam da yammacin Jamus na yanzu. Daga sunansu aka samo Faransa, da faran ɗin kuɗin sefa, da Ifranj da Larabawa ke kiran Turawan yamma da shi. Sun daɗe suna yi wa daular Rum aikin soja, shi ya sa lokacin da ikon Rum ya rushe a ƙasar Gaul, wato Faransa ta yau da kewayenta, a ƙarni na 5 ba baƙi ba ne a wurin. Merovech da aka sa wa gidan sunansa labarinsa ya fi kama da tatsuniya, har wani marubucin ƙarni na 7 ya ce wata dabbar teku ce ta sadu da uwarsa ta je wanka. Wanda ƙafarsa ta taka ƙasa sosai a tarihi shi ne Childeric na Ɗaya, da ya rasu wajen 481. A 1653 wani ma'aikacin gini ya ci karo da kabarinsa a garin Tournai. An sami zoben hatimi mai sunansa da Latin da hoton mutum mai gashi har kafaɗa, da maɗaurin alkyabba na zinariya irin na manyan hafsoshin Rum, da tsabar zinariyar sarakunan Kustantiniyya, da ƙananan kayan ado kusan 300 masu siffar ƙudan zuma. Tonon da aka sake yi a shekarun 1980 ya gano ramukan dawakin da aka yanka aka binne kewaye da shi. Ke nan mutum ɗaya ne ke ɗauke da abu biyu, ga shi sarkin ƙabila mai bin addinin gargajiya, ga shi jami'in Rum. Yawancin kayan an sace su a Paris a 1831 aka narke.

Ɗansa Clovis ya hau yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka. A 486 ya ci Syagrius, shugaban Rumawa na ƙarshe a arewacin Gaul, a Soissons. A 507 ya kashe Alaric na Biyu, sarkin Visigoth, a Vouillé kusa da Poitiers, ya kwashe mafi yawan kudu maso yamma. Ya mai da Paris mazauninsa, ya rasu a 511. Abu uku ya bar wa 'ya'yansa, kuma su ne ginshiƙan gidan.

Na farko, ya karɓi baftisma a Reims a hannun Bishop Remigius ranar wata Kirsimeti da masana ke sa ta tsakanin 496 da 508. Muhimmin abin shi ne ɗariƙar da ya zaɓa. Sarakunan Goth da na Burgundy na bin tafarkin Arius, wanda cocin Katolika ke ɗauka bidi'a ne, alhali talakawansu Rumawa Katolika ne. Clovis ya bi matarsa Clotilde ya shiga Katolika, sai ya zama addininsa ɗaya da mutanen da yake mulka, bishop-bishop kuma suka zama nasa. A shekarar da zai mutu shi da kansa ya kira taronsu a Orléans, su 32, ya kuma ba su batutuwan da za su tattauna.

Na biyu, ya share sauran sarakunan Farankawa. Ya zuga ɗan sarkin Cologne ya kashe ubansa, sannan ya sa aka kashe ɗan. Ragnachar na Cambrai shi da hannunsa ya sare shi da gatari. Bishop Gregory na Tours, wanda yawancin labarin wannan zamani ta hannunsa ya iso mana, ya ce daga baya Clovis ya riƙa kukan cewa ba shi da dangi, don kawai ya ga ko akwai sauran wanda zai fito ya kashe. Daga nan sarauta ta zama ta jinin Clovis kaɗai.

Na uku, bai rushe tsarin Rumawa ba. Gaul a rarrabe take gunduma-gunduma, kowace da birninta da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa. A kowane birni sarki na naɗa hakimi wanda ke yin shari'a, ya karɓi haraji, ya fito da mayaƙa in an yi shela. Kusa da shi ga bishop, galibi ɗan tsohon babban gidan Rumawa, mai filaye da bayi, mai ciyar da matalauta, kuma ba a naɗa shi sai da yardar sarki. A kan iyaka ko lokacin yaƙi akan ɗora babban hakimi a kan birane da yawa. Sarki ba shi da dakarun dindindin in ban da 'yan rakiyarsa da suka yi masa rantsuwa. Kowane ɗa namiji mai 'yanci shi ke zuwa da makaminsa da guzurinsa, wanda ya ƙi fitowa a ci shi tara.

Dokar da aka rubuta a ƙarshen zamanin Clovis, wadda ake kira dokar Salic, babi 65 ce, kuma kusan duka jerin tara da diyya ne. Ma'aunin shi ne solidus, tsabar zinariyar Rumawa mai nauyin giram 4 da rabi. Diyyar Bafaranke mai 'yanci solidus 200 ce, ta Barume mai gona 100, ta ɗan rakiyar sarki 600, haka ma ta macen da ke cikin shekarun haihuwa 600. Don a ji nauyin kuɗin, wata dokar Farankawan da aka rubuta daga baya ta yi wa lafiyayyen sa kuɗi solidus 2, ke nan ran mutum ɗaya shanu 100 ne, abin da sai dangi sun yi karo-karo. Kashi ɗaya cikin uku na tara na sarki ne. A zaman shari'a hakimi ke shugabanta, amma dattawan gari ne ke faɗin abin da doka ta ce. Wanda ake tuhuma yakan kawo masu taya shi rantsuwa, in ya rasa a sa shi ya tsoma hannu a tafasasshen ruwa. A cikin wannan doka akwai layin da ya hana mace gadon ƙasar kakanni. Maganar gona ake yi a wurin, amma bayan ƙarnuka lauyoyin Faransa suka zaƙulo shi suka kafa hujjar hana mata gadon sarauta.

Abin da aka fi zargin gidan da shi shi ne raba ƙasa. Da Clovis ya mutu 'ya'yansa huɗu suka raba: Theuderic a Reims, Chlodomer a Orléans, Childebert a Paris, Chlothar a Soissons. Mai karatu zai zaci an ja layi ne a taswira. Birane aka raba da kuɗin shigarsu, kowa ya sami nasa a arewa ya kuma sami nasa a kudu mai arziki, shi ya sa rabon mutum ɗaya kan kasance a warwatse. Hedikwatocin huɗu ma duk kusa da juna suke. An taɓa raba tashar jiragen ruwa ta Marseille biyu tsakanin sarki da ɗan ɗan'uwansa, an kuma taɓa barin Paris a hannun kowa, da sharaɗin kada wani ya shiga sai da izinin sauran. A ganinmu an cika ɗora wa rabon nan laifin da ba nasa ba. A lokacin da ƙasar ke rabe ne aka ci Thuringia a 531, aka haɗiye Burgundy a 534, aka karɓi Provence wajen 537. Theudebert, jikan Clovis, har tsabar zinariya ya buga da sunansa, abin da a lokacin ake ganin haƙƙin sarkin Rum ne shi kaɗai. Kuma ƙasar takan koma hannu ɗaya in sauran rassa sun ƙare, kamar yadda ta koma wa Chlothar na Ɗaya a 558 da Chlothar na Biyu a 613.

Ainihin illar rabon tana wani wuri. Duk ɗan da sarki ya amsa nasa ne yana da haƙƙin sarauta, ko uwarsa gimbiya ce ko baiwa. Ba a ce sai ɗan fari ba. Saboda haka kowane yaro mai jinin gidan barazana ce ga baffanninsa, kuma jari ne a hannun duk wani babba da ya riƙe shi. A nan gashi ya shigo. 'Ya'yan gidan ba a yi musu aski tun daga haihuwa, suna raba gashin a tsakiya ya zubo kafaɗa, talakawa kuwa suna rage nasu. Lokacin da aka kashe Chlodomer a yaƙin Vézeronce a 524, da gashin abokan gaba suka gane sarki ne. Ya bar 'ya'ya maza uku a hannun kakarsu Clotilde. Baffanninsu Childebert da Chlothar suka karɓe yaran da sunan za a naɗa su, sannan suka aika wa tsohuwar almakashi da takobi, ta zaɓa. Cikin ɓacin rai ta ce gara ta ga gawarsu da ta gan su a aske. Chlothar ya yanka biyu, ɗan shekara 10 da ɗan shekara 7. Na ukun, Chlodoald, aka gudu da shi, daga baya ya aske kansa da hannunsa ya shiga hidimar coci, sunansa ne garin Saint-Cloud da ke gefen Paris ke ɗauke da shi.

Sai dai aski na da matsala ɗaya: gashi yana tsirowa. Gundovald, wanda ya ce shi ɗan Chlothar na Ɗaya ne, sau biyu ana aske shi yana sake tarawa, har ya dawo daga Kustantiniyya da dukiya ya nemi sarauta, aka kashe shi a 585. A 715 manyan Neustria, wato sashen yamma na ƙasar, suka fito da wani malamin coci mai suna Daniel, suka jira gashinsa ya yi tsawo, suka naɗa shi da sunan Chilperic na Biyu. Gidan zuhudu ya zama kamar rumbun ajiyar 'ya'yan sarki, in an buƙata a je a ɗauko.

Bayan rabon da 'ya'yan Chlothar na Ɗaya suka yi a 561 ne sassa uku suka fara zama daram: Austrasia a gabas wajen Metz da Rhine, Neustria a yamma wajen Paris da Soissons, sai Burgundy. Sigibert na Austrasia ya auri Brunhild, 'yar sarkin Visigoth na Sifen. Ɗan'uwansa Chilperic ya auri yayarta Galswinth, ya ba ta birane biyar a matsayin kyautar safiyar aure, cikinsu har da Bordeaux da Limoges da Cahors. Ba a daɗe ba aka tsince ta a shaƙe a kan gado, Chilperic ya koma wa tsohuwar ƙwarƙwararsa Fredegund. Gabar da ta biyo baya ta ci kusan shekara 45. An kashe Sigibert a 575 da wuƙaƙe masu guba, an kashe Chilperic a 584 yana dawowa daga farauta. Abin lura a nan shi ne shekarun magada. Ɗan Sigibert na da shekara 5, ɗan Chilperic wata 4. Iyaye mata suka riƙe ƙwarya, kuma uwar sarki ba ta iya mulki sai da manyan masu ƙasa, su kuwa ba sa goyon baya a banza. Brunhild ta yi mulki da sunan ɗanta, da jikokinta, har da tattaɓa-kunnenta, ta matsa wa manya, su kuma suka gaji da ita. A 613 suka miƙa ta ga Chlothar na Biyu, ɗan Fredegund. Aka azabtar da ita kwana uku, aka zaga da ita kan raƙumi gaban mayaƙa, sannan aka ɗaure ta a wutsiyar doki marar horo.

Chlothar ya sami ƙasar duka, amma da tsada. Warnachar, wanda ya ci amanar Brunhild a Burgundy, an yi masa rantsuwar ba za a tuɓe shi daga muƙaminsa ba har ya mutu. A dokar da aka fitar a Paris a 614 aka ce ba za a naɗa wa yanki alƙali daga wani yanki ba. Hujjar mai kyau ce, wai don in ya yi zalunci a sami dukiyarsa a kusa a biya wanda ya cuta. Amma a aikace wannan na nufin muƙami zai riƙa faɗawa hannun wanda ya riga ya fi kowa ƙarfi a wurin. Cikin waɗanda suka buɗe wa Chlothar ƙofar Austrasia akwai Arnulf, wanda ya zama bishop na Metz, da Pippin na Landen. Daga zuriyarsu ne gidan da zai ƙwace sarautar ya fito.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi labarin kashe-kashen muhimmanci duk da ba shi da armashi. Sarki na samun shiga ta hanya biyar: gandun sarki da ya gada daga filayen daular Rum, kuɗin ƙasa, kuɗin fito da na kasuwa, rabonsa na tara, sai ganima da harajin maƙwabta. Kuɗin ƙasa ne ya fara mutuwa, don Farankawa na ganin biyansa ƙasƙanci ne ga mai 'yanci. A 548 mutanen Trier suka ɗaure Parthenius a jikin ginshiƙi suka jefe shi saboda ya ɗora musu haraji. A 579 mutanen Limoges suka ƙone kundin harajin Chilperic. Zuwa ƙarni na 7 harajin ya zama abin da ake karɓa jefi-jefi. Ganima ta ragu da cin sababbin ƙasashe ya tsaya. Harajin maƙwabta ma aka riƙa sayar da shi: Lombard na Italiya da ke biyan solidus 12,000 a shekara sun ba manyan fada uku toshiyar 1,000 kowanne, suka ba Chlothar na Biyu 36,000 a dunƙule, aka yafe musu har abada. Ɗansa Dagobert ya yafe wa Saxon shanu 500 da suke kawowa duk shekara don su tsare masa iyaka. Ga kuma hurumi: takardar da sarki ke ba coci ko gidan zuhudu cewa jami'insa ba zai shiga filinsu ya yi shari'a ko ya karɓi tara ba. Abin da ya rage na saka wa mai biyayya shi ne fili, fili kuwa in ya fita ba ya dawowa da sauƙi. Har a jikin kuɗin ana ganin canjin: zinariyar da ke cikin tsaba ta yi ta raguwa, wajen shekarun 670 aka koma buga azurfa.

Dagobert na Ɗaya, wanda ya riƙe ƙasar daga 629 zuwa 639, shi ne na ƙarshe da ya zaga ko'ina yana shari'a da kansa ana tsoronsa. Ya bar yara biyu, ɗaya wajen shekara 9, ɗaya wajen 5, kuma dukansu ba su kai shekara 30 ba suka mutu suka bar wasu yaran. Wannan jerin sarakuna yara shi ne ya ɗaga muƙamin mai kula da gidan sarki, wanda a nan za mu kira sarkin fada. Asalin aikinsa lura da gandu da bayi da ɗakin ajiya ne. To amma in sarki yaro ne, mai riƙe da gandu shi ke raba fili, shi ke cewa wane zai ga sarki, shi ke jan mayaƙa.

Duk da haka gidan bai faɗi da wuri ba. Wajen 656 Grimoald, ɗan Pippin na Landen kuma sarkin fadan Austrasia, ya aske ƙaramin magaji Dagobert na Biyu, ya tura shi Ailan, ya ɗora ɗansa na cikinsa a gadon sarauta da hujjar marigayi sarki ya ɗauke shi ɗa. Manyan Neustria suka kama Grimoald suka kashe shi a Paris. Wajen 676 aka je aka dawo da Dagobert ɗin aka naɗa shi. Danginsu Grimoald sun koyi darasi, suka yi kusan shekara 90 ba su sake taɓa kujerar ba. Pippin na Herstal, jikan Pippin na Landen, ya ci Neustria a Tertry a 687, ya bar sarki a wurinsa, ya riƙe fada.

A nan ya kamata a yi hattara da laƙabin "ragwayen sarakuna" da ake yi wa na ƙarshen gidan. Hoton sarkin da ke zaune da dogon gashi da gemu yana maimaita amsar da aka biya masa, ba shi da komai sai gona ɗaya da keken shanu, Einhard ne ya zana shi, shi kuwa bafaden Charlemagne ne, ɗan wanda ya yi juyin. Dole ya nuna waɗanda aka kawar ba su da amfani. Takardun shari'a na asali da suka tsira sun nuna Childebert na Uku, wanda ya yi mulki daga wajen 695 zuwa 711, yana zama da manya yana yanke hukunci, har a 697 aka yanke a gabansa wani hukunci da bai yi wa Drogo, ɗan Pippin, daɗi ba. Fadar sarki ta ci gaba da zama wurin da manya ke haɗuwa su sasanta, don babu wanda zai yarda ya durƙusa wa tsaransa.

Charles Martel ne ya canza lissafin. Bayan mutuwar ubansa Pippin a 714 ya fito daga tsaron da matar uban ta yi masa, ya ci Neustria a Vinchy a 717, sannan kusan kowace shekara yana fagen fama. A 732 ya tare rundunar Andalus ƙarƙashin Abdurrahman al-Ghafiƙi tsakanin Tours da Poitiers, yaƙin da littattafan Larabci ke kira Balaɗus Shuhada. Ya warware matsalar filin da ta durƙusar da sarakuna ta hanyar sa hannu a dukiyar coci: ya ba mabiyansa filayenta su ci amfani, ya cire bishop ɗin da bai yarda da shi ba kamar Eucherius na Orléans, ya tara wa ɗan ɗan'uwansa Hugh kujerun Rouen da Paris da Bayeux a lokaci guda. Da sarki Theuderic na Huɗu ya mutu a 737 bai naɗa kowa ba, shi ma bai hau ba. Akwai takardar da aka sa wa kwanan wata da ƙirgen shekaru bayan rasuwar Theuderic, don babu sarkin da za a ƙirga da shi. Kafin ya mutu a 741 ya raba ƙasar tsakanin 'ya'yansa kamar yadda sarki ke yi.

'Ya'yan, Carloman da Pippin, suka tarar da tawaye a Aquitaine da Bavaria da Alemannia, inda shugabannin ke ganin biyayyarsu ta jinin Clovis ce, sarkin fada kuwa tsaransu ne. A 743 dole suka nemo Childeric na Uku suka naɗa. Da tawayen ya lafa, Carloman kuma ya ajiye mulki ya shiga zuhudu a 747, Pippin ya aiki Bishop Burchard na Würzburg da Fulrad wurin Fafaroma Zacharias da tambaya a kan sarakunan da ba su da iko. Amsar da marubutan fadar Pippin suka adana ita ce ya fi dacewa a kira mai iko sarki. Fafaroma na da tasa buƙatar, don Lombard na matsa wa Roma, Kustantiniyya kuma ba ta kawo ɗauki. A 751 taron manya a Soissons ya zaɓi Pippin. Tunda ba shi da jinin ba shi da gashin, aka nemo masa wata shaida: shafa mai mai tsarki irin wadda aka yi wa sarakunan Bani Isra'ila. Fafaroma Stephen na Biyu ya tsallako duwatsun Alps da kansa, a 754 ya sake shafe Pippin da 'ya'yansa biyu a Saint-Denis, cocin da Dagobert ke kwance a ciki, ya kuma haramta wa Farankawa zaɓen sarki daga wani gida.

Sabon gidan ma bai saki tsohon gaba ɗaya ba. Da aka haifa wa Charlemagne tagwaye a 778, sunayen gidan Merovech ya sa musu: ɗaya Lothar, wato Chlothar, ɗaya Louis, wanda shi ne sunan Clovis da harshe ya sauya. Lothar ya rasu yana jariri, Louis ya gaji ubansa a 814.